Mutumin da Ya Tsayar da Makaɗa Saba'in

Tun kafin mu iso, Baba Kunne ya gama zagaye zauren ɗaukar sauti. Yakan taka dandamali katako bayan katako, inda ya ji ƙara ya cusa tsumma, sannan ya kafa makirufo goma sha takwas, ya tafa hannu gaban kowanne ya saurara. Shekara talatin da ɗaya yana haka, wannan watan zai yi ritaya. Ni mai goge ce a layin baya na ƙungiyarmu ta makaɗa saba'in, kuma ban taɓa ganin sunansa a gaban faifai ba.

Bara muka ɗauki sabon kiɗan wani tsohon marubucin kiɗa. 'Yarsa ce ta turo shi a keken marasa lafiya daga asibiti, likita ya ba shi awa biyu kacal. Kiɗan minti arba'in ne, mai wuyar gaske, wani wurin sauti na sirancewa har ya kusa ɓacewa. Sau biyu muna ɓata shi. A na uku komai ya zauna, mun kai minti talatin, sai jar fitilar tsayarwa ta kama.

"Maigida, a tsaya," in ji Baba Kunne ga jagoranmu ta lasifika.

Jagoranmu ya buga sanda a tebur. "Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na sani. Wani abu na huci."

Ba wanda ya ji komai. Baba Kunne ya fito daga ɗakinsa na gilashi, kai a karkace, ya wuce masu sarewa, ya wuce masu ganga. A bayan keken tsohon ya tsaya. Robar iskar numfashinsa ce ta zare daga tukunyar iskar. Leɓunansa sun yi toka, amma ya ƙi motsi, wai kada ya ɓata aikin.

'Yar ta mayar da robar, ta dubi mahaifinta. "Baba, kashe kanka za ka yi?"

Da tsohon ya dawo hayyacinsa sai ya ce, "Kun tsaya a wuri mafi daɗi."

Saura minti goma sha biyar a awa biyun da likita ya bayar. Baba Kunne ya ce, "Ku ɗauko daga shigar sarewa, ɗinke sautin aikina ne." Muka ƙarasa. Har yau jagoranmu bai gano inda ya haɗa ba, tsohon kuma ya saurari faifansa a gida cikin jikokinsa.

Baba Kunne, kai ne mai jin abin da saba'in ba su ji ba. Ka san tsayar da mu zai iya cin aikinka, ka tsayar. Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya. Mu da muka rage, in muka ji abin da bai yi daidai ba, mu buɗe baki, ko da kiɗa ya yi daɗi.