Mai Ƙyalle, Bajamushen Bankinmu

Watan nan ne Bernhard ya cika shekara goma sha biyar da mutuwa. A garinsu can Jamus aka binne shi, ban je ba, ban kuma san yadda kabarin yake ba. Mu da muka yi aiki da shi a banki nan Bauchi saura kaɗan, shi ya sa na ga ya kamata wani cikinmu ya ce wani abu kafin mu ƙare.

Ya zo ne ya riƙe sashen rancen manoma, ni ina ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashinsa. Manoman ƙauyen Miri sun kasa kiran sunansa, in suka gwada sai ya fito kamar "ɓarna", sunan da bai dace da ma'aikacin banki ba. Sai suka raɗa masa Mai Ƙyalle, domin ranar Lahadi daga coci yakan zarce duba gonaki, da wani siririn ƙyalle mai launi uku rataye daga kafaɗarsa zuwa ƙugu.

Da na tambaye shi ma'anar ƙyallen, ya ce alamar ƙungiyar ɗalibai 'yan Katolika ce da ya shiga tun yana jami'a. Gida ɗaya suke zama, su ci tare, su yi karatu, su yi waƙe-waƙe, su sha giya, wadda ita kam ba ta burge ni ba. Wanda ya shiga ya shiga ke nan har mutuwa. Waɗanda suka gama su ke riƙe gidan, su ke jan ƙanana a jiki, kuma kowa ɗan'uwa yake kiran kowa. Shi yana cikin dattawanta, hutunsa ma sai ya daidaita shi da taronsu na shekara. Na ɗauka irin tamu ce ta tsofaffin ɗalibai, a haɗu a ci shinkafa a watse.

Ba mutum ne mai sauƙi ba. Yana da faɗa, bai iya lallashi ba, latti kuwa a wurinsa kamar zagi ne. Ya taɓa hana wani babban mutum rancen noma, ya gaya masa a gaban jama'a cewa tafin hannunsa bai san fartanya ba.

Ana haka 'yata Hauwa, tana 'yar shekara huɗu, ta fara shiɗewa, leɓɓanta su yi duhu. Likita ya ce da huda aka haife ta a zuciya, kuma a lokacin ba a wannan aikin a kusa da mu. Ban gaya wa kowa a ofis ba, sai dai aikina ya lalace. Bernhard ya kira ni zai yi mini faɗa, ni kuma bakina ya suɓuce na gaya masa. Sai ya ce, "Ina da ɗan'uwa likitan zuciya." Ba a yi wata ba likitan ya amsa zai yi aikin, 'yan ƙungiyar kuma suka ɗauki nauyin tafiya Jamus da masauki. Asibitin na sistocin coci ne.

Nan maganar ta tsaya. Mahaifina malami ne a cikin gari, ya ce ba za a kai jikarsa hannun masu coci ba, gara ta cika a ɗakin uwarta da kalmar shahada a kunnenta. Ban iya musa masa ba. Bernhard ya ce in kai shi wurin Baba.

Bayan la'asar muka je. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa da ƙyar, ya yi gaisuwa da gurguwar Hausarsa. Baba ya dube shi ya ce, "Bature, me za ka samu a ciki?"

Ya ce, "Babu, Malam. Ɗanka yana zaune kusa da ni kullum, ba na iya kallonsa haka."

"In suka ja ta cikin addininku fa?"

"Malam, ni ina riƙe da nawa da ƙarfi, kamar kai. Na san zafin a taɓa wa mutum. Yarinya zai tafi Musulmi, zai dawo Musulmi. Idan ba haka ba, ga ni nan a Bauchi, ka san ofis."

Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Za ta, ake cewa. Mace ce." Ya juyo gare ni ya ce in shiga in gaya wa uwarta ta haɗa kaya.

Muka tafi da ita. Wata tsohuwar sista ce ta nuna mana alƙibla a ɗakin jinya, ita ce kuma ta tsaya a kan abincinmu. Aiki ya yi kyau. Yau Hauwa tana da 'ya'ya, tana da shagon atamfa a Kasuwar Muda Lawal.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Bauchin yanzu. Banki ya koma cikin waya, a kasuwar Wunti duk lungun da ka leƙa akwai mai cirar kuɗi ƙarƙashin lema. Saurin zai yi masa daɗi. Amma shi da ba ya sa hannu a rance sai ya taka gonar da ƙafarsa, ban san yadda zai yi da bankin da bai san fuskar manomi ba. Abin da na tabbata zai ɓata masa rai shi ne yadda muka rarrabu, mai neman haya sai ya fara tambayar addinin unguwa. Da ya faɗa mana a fuska, ba tare da lallashi ba, mu kuma mu ji haushi.

Bankin ya canza suna, sashen namu ya rufe, gidan da ya zauna an rushe. Ba wani gini a Bauchi da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya saura shi ne waya. Tun da Bernhard ya mutu, likitan nan yake kirana duk shekara a watan nan, ya tambayi lafiyar "'yarmu". Bana muryarsa ta yi rauni ƙwarai, sai da na matsa wayar a kunne. Ya ce kada in damu in ban ji shi baɗi ba. Ya riga ya ba wani yaro ɗan ƙungiyarsu lambata, ɗalibin da ba a ma haifa ba lokacin da aka yi aikin, kuma yaron ya yi alkawarin zai kira.