Turken da Tobashiyata Ta Kafa wa Na'ura

Shekara shida na yi ni kaɗai da na'urar nan kafin a kawo mani tobashiyata. Biron ƙungiyar manoma ne a Tasawa, wato ofishinsu, ɗaki biyu da zaure, sai wani ɗan ƙuryar ɗaki inda babbar ordinatar, wato kwamfuta, take. Mabuɗin ɗakin ɗaya ne tak, kuma a aljihuna yake kwana. Kowa ya sani, in rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke ko allo ya yi baƙi, sunana za a kira.

A cikin na'urar akwai wani furogiram da ba a ganin shi. Ba shi da fuska a allo, da an kunna na'ura yake tashi, ya zauna can baya yana aikinshi. Mai saƙo muke ce mashi. Wakilanmu na ƙauyuka, daga Bawdeta har Hawandawaki, suna turo labarin ruwa da halin shuka ta waya, shi kuma ya karɓa ya adana. Akwai kuma wani aiki da ni na ƙara mashi da hannuna, ban rubuta shi ko'ina ba. In aka ce tsutsa ta faɗa wa zangarniyar gero a wani gari, sai ya tura gargaɗi ga wakilan garuruwan da ke kusa. Sau ɗaya a shekara yake wannan, in gero ya fid da kai.

Tsarin na'urar ya zo da mai gadi, wanda ke hana kowane furogiram taɓa abin da ba a rubuta mashi ba. Ni dai tun makon farko na kashe shi. Haka wanda ya koya mani yake yi, haka duk wanda na sani yake yi. Abu ya ƙi tafiya, ka kashe mai gadi, abu ya tafi, a ce maka sannu da aiki.

Tobashiyar tawa ɗiyar gwaggona ce, tun muna yara muke wasan tobasai, ta ce ni bawanta ne, in ce ita ce baiwata. Ta tafi Yamai ta yo karatun ordinatar, ni kuwa a bakin aiki na tsinci nawa. Ranar da ta fara, darakta ya tara mu ya ce bayan kaka za a buɗe ƙaramin biro a Mayahi. Ɗayanmu zai riƙe mabuɗin babbar na'ura a nan, ɗayan ya tafi can, inda babu komai sai tebur da waya. Na yi dariya na ce ai baiwa ba ta riƙe mabuɗi. Amma wallahi sai da na dafa aljihuna in ji mabuɗin yana nan.

Kwana biyu da zuwanta ta leƙo daga ƙuryar ɗakin.

"Tobashi! Wa ya kashe mai gadi?"

"Ni. Yana hana ni aiki."

"Innalillahi! Shekara nawa?"

Gaban darakta ta yi wannan tambayar, shi ne abin da ya ƙona mani rai. Ya ce ta yi mashi bayani. Ta ce mai saƙo yana karɓar magana daga waje dare da rana, daga kowace waya. In wani mugu ya gano yadda zai yaudare shi, to ta cikinshi zai bi ya kwashe sunayen manoma da lambobinsu, ko ya goge komai. Ta ce kamar akuya ce da damina, ba don ta yi laifi ake ɗaure ta ba, turke ake kafa mata ta ci iya inda igiya ta kai. Kuma wannan igiyar, ko mai gida ne ya tada furogiram ɗin da kanshi, ba ta ƙara tsawo sai an sake rubuta doka.

Darakta manomi ne kafin ya zama darakta. Ya dinga gyaɗa kai yana cewa, "To, to, yanzu na gane." Ni shekara shida ina mashi bayani bai taɓa cewa ya gane ba. Na tsaya jikin ƙofa ina murmushi, zuciyata kamar ta fashe. Hassada ce, ba wani suna gare ta ba, kuma tun a lokacin na san ita ce.

Yadda take aikin ma haushi yake ba ni, don babu inda zan kushe. Ta tada mai gadi, amma ba ta bar shi ya hana komai ba tukuna. Ta sa shi ya zuba ido kawai, ya rubuta duk abin da mai saƙo ya taɓa. Kullum da safe ta zauna da kaye da bik, littafin rubutu da alƙalami, tana karantawa: ya buɗe wannan, ya rubuta a wancan, ya yi magana da akwatin waya. Mako uku tana haka. Daga abin da ta gani ta rubuta dokokin, layi bayan layi, abin da ba ya cikin layukan kuwa an hana. Lokacin gero bai wuce gwiwa ba, saboda haka mai saƙo bai tura gargaɗi ko ɗaya ba a makonnin nan.

Ranar da za ta ɗaure shi da gaske, ta juyo ta dube ni.

"Bawana, akwai wani abin da yake yi wanda ban gani ba? Kai ka san shi tun yana jariri."

"Ke da kika sha boko a Yamai, ni za ki tambaya?"

"Bar wasa, don Allah. Akwai?"

"Babu," na ce.

Na gaya wa kaina ba komai ba ne. In ranar ta zo gargaɗi ya ƙi fita, kowa zai rikice, ni kuma in shigo in kashe mai gadin nan nata da layi ɗaya, a ga wane ne wane. Awa ɗaya, ko biyu in ta yi yawa. Haka na tsara.

Gero ya fid da kai, labarin tsutsa ya shigo daga Hawandawaki ranar wata Talata. Na gan shi da idona. Na ga mai saƙo ya yunƙura zai tura, an hana shi. Na zauna ina jiran a rikice. Ba wanda ya rikice, don ba wanda ya san akwai saƙon da ya kamata ya fita. Ita tana can tana koya wa wakilan wajen Isawan cika takarda, darakta yana taro. In na yi magana da kaina, za a ce ta yaya na sani. Laraba ta wuce. Alhamis ma ta wuce ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Juma'a da hantsi wakilinmu na Bawdeta ya faka moto a ƙofar biro, dattijo ne da bai taɓa ɗaga murya ba. Ya kwance wani ƙulli ya zube zangarniya uku a kan teburin darakta, duk tsutsa ta yi masu zane ta cinye.

"Kowace shekara kuna faɗa mana da wuri," ya ce. "Bana me muka yi maku?"

Na miƙe zan shiga in nuna bajinta, sai na tarar tobashiyata ta riga ni. Ba ta kashe komai ba. Ta buɗe rubutun mai gadi, ta bi da yatsa, ta tsaya a kan Talata. Ta ƙara layi biyu. Kafin dattijon ya shanye ruwan da aka kawo mashi, wayarshi ta yi ƙara a aljihu. Kai, duniya! Ko a ranar faɗuwarta ta fi ni iya aikin, wannan ne ya fi ci mani rai fiye da zangarniyar da ke kan tebur, Allah ya yafe mani.

Ta fito ta durƙusa gaban dattijon ta ce, "Baba, laifina ne. Na ɗaure shi ban gama sanin aikinshi ba." Ba ta dubi inda nake ba.

Darakta bai yi faɗa ba. Bayan kaka dai ya ce shekara shida irin wannan ba ta taɓa faruwa a hannuna ba, don haka mabuɗi ya zauna inda yake, ita ta tafi Mayahi ta ƙara gogewa. Na ce na gode.

Ranar da za ta tafi ta kawo mani kayen nan nata, ta nuna mani yadda ake ƙara layi in wani aiki ya taso, a hankali, sai da ta tabbata na iya. Mota na jiran ta a waje. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"Sau biyu na tambaye ka," ta ce.

Ta gyara mayafinta ta fita.

Har yau ni ke riƙe da ɗakin, kuma ban sake kashe mai gadi ba. Na sha zama da dokokin nan ina neman layi ɗaya da zan gyara in ce ga inda ta yi kuskure, ban samu ba, sai gurbin da ni na ɓoye mata. Bara wasu baƙi suka zo daga Maraɗi duba na'urorin ƙungiyoyi. Babbansu ya daɗe yana karanta layukan, sannan ya ɗago ya ce bai ga inda aka ɗaure furogiram da kyau haka ba a duk zagayensu, ya tambayi wa ya rubuta. Darakta ya dafa kafaɗata. Ni kuma na sunkuyar da kai na ce alhamdulillahi.