Zaren da Ya Ƙi Zama Toka

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu ta wajen Maradun, muka kwashi 'yan komatsanmu muka koma Talata Mafara, gidan ƙanen babana mai sana'ar fawa. Gidan kullum ƙaurin kitse yake yi, ga mutane a cunkushe. Abin da bai canja ba shi ne wutar kakata Tumba. Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i sai ta haɗa kara da guntayen itace a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce sarkin surutu a cikinsu, ita kuma ba ta raga mini. Takan ce tun ranar sunana kunnenta bai sake hutawa ba.

Babana ya samu aikin lebura a wurin ginin dam. 'Yan kasuwa suka gano ma'aikata na da ɗan abin hannu, sai suka cika rumfuna da wasu tufafi masu santsi da ƙyalli da ake ce wa nailan. Wata ranar Talata ya dawo mini da jar riga irin wannan. Ban wuce shekara tara ba, kuma ban taɓa son wani abu kamar yadda na so rigar nan ba. Tun la'asar na saka ta, na bi gida-gida don a gan ni. Da ita na zauna bakin wuta, har ina ƙara matsawa don haske ya riƙa wasa a jikinta.

Tumba ta dube ni, ta dubi wutar. Ba za ta kushe kyautar ɗanta a gaban yara ba, wannan sai daga baya na gane. Ta sa ƙafa ta ture itacen da ke kusa da ni, ta ce, "Hassi, ja baya kaɗan, sarauniya. Ga wata nan ta taho, ku ba ta wuri ta zamna." Haka take buɗe tatsuniyarta.

Wai an yi wata budurwa, Ige, wadda ba ta iya wuce rumfar tufafi. Kowace kasuwa sai ta sayo sabo, ta ɗaura sau biyu ta wurgar. Uwarta mai kaɗin auduga ce, ta gaji da faɗa, ta ce mata, "Duk tuhwan da za ki saye, zaro zare guda ki kai ma wuta. In yaz zama toka, na mutane na. In yaƙ ƙi, aje shi ki tahi, kak ki waiwaya."

Rannan, can gefen kasuwa inda ake ɗaure jakai, Ige ta ga wani mutum da ba wanda ya san shi. Zane ɗaya tak ya shimfiɗa, yana sheƙi kamar ruwa da hantsi. Ta kai hannu za ta zari zare, sai ya riƙe ta. A nan Tumba ta cafke wuyan hannuna da yatsunta masu sanyi, ta yi ƙasa da murya tana kwaikwayon mutumin: "Ba a kai kayana ga wuta."

Ige dai ta saya, ta ɗaura, gari ya yi ta kallo. Da ta zo kwanciya ta laluba bakin zanen ta rasa. Aka kawo wuƙa ta ƙi yanka shi. Kullum aka wayi gari sai ya ƙara matse ta, in ta kusanci murhu kuwa sai ya kama fatarta. Ta bar girki, ta bar zama cikin mutane. Da sanyi ya ishe ta wata rana, ta lallaɓo bakin wuta don ta ji ɗumi, sai tartsatsi ɗaya ya tashi.

"Zanen ga bai ci wuta awa tuhwa ba," in ji Tumba. "Narkewa yay yi, yab bi jikinta. Tana gudu shina tare da ita, don sun zama abu guda." Ige ta faɗa gulbi. Mutumin nan kuwa yana tsaye a bakin gaɓa yana jira. Ya miƙa hannu ya jawo wani abu mai sheƙi daga cikin ruwa, ya ninke, ya nufi kasuwa ta gaba.

Ƙanwata ta tambaya ko mutumin yana zuwa kasuwar Talata. Tumba ta ce, "Ni dai ban ga wanda yak kore shi ba."

Na ji rigata ta fara kama ni a hammata, amma bakina bai mutu ba. Na ce tawa ai Baba ne ya sayo. Ta ce, "To zo mu gani." Ta fara zaro zare daga bakin zanenta ta ɗora a kan garwashi. Ya ci, ya zama toka, ta hure. Sannan ta sa haƙori ta ciro ɗaya daga gindin rigata. Kafin ma ya taɓa garwashin ya nannaɗe, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo yana tafasa, wani wari ya tashi. Muna kallo ta sa babban yatsanta ta danna shi. Ya manne. Ta ɓamɓare shi, ya fito da fata. Ta nuna mini wurin a hasken wuta, ta ce, "Wanga zare guda na, Hassi."

Na kurma ihu, na kama rigar zan cire, wuyanta ya maƙale mini a ka. Ban manta duhun nan da santsin nan a fuskata ba. Na tabbata na zama Ige. Tumba ce ta ɓalle maɓallin baya da na manta da shi, ta zare rigar, ta lulluɓe ni da tsohon zanenta na saƙi. Zannuwa uku kawai ta fito da su daga ƙauye, na audugar gonar da ruwa ya rufe, kuma wannan ya girmi babana. A cikinsa na kwana ina makyarkyata.

Sai da na girma na ji cewa a makon nan labari ya zo daga Bakura, wata mai tuyar ƙosai wuta ta kama irin wannan tufafi a jikinta. Manya sun ɓoye mana. Babana ma ya ji, amma bai san abin da ya sayo mini irinsa ba ne.

Yau ina da jikoki, akwatina kuwa ba ya cika. Ba na sayen tufa sai na san inda zan sa ta da shekarun da za ta yi mini, kuma ba na shiga rumfa ba ashana a jakata. Masu atamfa har tsokanata suke yi, wai ga Hajiya mai gobara ta iso. 'Ya'yana mata, da kowane biki sai sun ɗinka anko sun sa sau ɗaya, kunya suke ji in na ƙyasta. Zanen saƙin nan da shi na goyi dukkansu, yana nan har yanzu.

Na daɗe ina jin haushin Tumba, ina ganin ta tsorata ni fiye da kima a kan 'yar riga. Ranar da ta rasu ina cikin matan da suka yi mata wanka. Na ɗaga hannunta na dama zan zuba ruwa, sai ga tabon a babban yatsanta, ɗan fari, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na duba hannuwana, na tuna duk jikina babu tabon wuta ko ɗaya. A nan kukan ya ƙwace mini, har sai da wata ta karɓi butar.