Malama Tsaye Ta Zauna

Duk wanda ya yi aji ɗaya a makarantar ƙauyen nan ya san Malama Tsaye, ya kuma san inda sunan ya samo asali. Ranar da aka turo ta aiki, tana budurwa, ta tarar da yara zube a kan fasasshen siminti, wasu kan buhu, wasu kan takalmansu. Kujera ɗaya ce a ajin, ta malami. Ta dubi kujerar, ta dubi yaran, ta ce ba za ta zauna ba sai ran da su ma suka samu abin zama. Aka yi mata dariya, aka ce zafin kan sabon shiga ne, zai huce.

Bai huce ba. Ta yi aure, ta yi goyo, ta aurar da 'ya'ya, furfura ta fito, tana nan tsaye. Kujerar ta koma ma'ajiyar alli da tsumman goge allo. Mijinta ya yi faɗa har ya gaji, ya koma sayo mata man zafi. Gwiwoyin kuwa sun fara cin amanarta, don in an tashi sai ta dafa bango take kaiwa gida. Likita ya ce in ba ta rage tsayuwa ba, wata rana ƙafafun za su ƙi ɗaukarta. Ta ce ya je ya gaya wa masu rabon benci.

Kwatsam sai ga bencina a mota, sababbi fil, suna ƙamshin fenti. Hedimasta, wanda shi ma a ajinta ya koyi rubutu ruf da ciki, ya sa aka jibge su a sito, ya danna kwaɗo.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji shi. "Yaran nan ɓarna gare su. In suka karya, ni za a tuhuma. Ran da za a yi baƙi sai a fito da su."

"Au, ashe bencin baƙi aka kawo mana?"

"Ba haka ba ne, Mama."

"Haka ne mana!"

Haka kuwa aka yi ta yi. In masu duba makarantu za su zo, a fito da bencina a goge, yara su ɗosana a kai suna noƙewa kamar a gidan surukai. Motar baƙi na juyawa, a kwashe. Wannan ya fi ƙona mata rai a kan duk shekarun da babu komai.

Da aka sake fito da su, jajibirin wata ziyara, ta jira aka tashi, ta kira ƙanenta kafinta. Ya zo da dogayen katakai da buhun kusa. Ta ce ya ɗinke ƙafafun bencinan da juna, gaba da baya, hagu da dama.

"Yaya, za su kore ki fa."

"Kai dai buga kusarka."

Washegari baƙi suka yaba, suka tafi. Hedimasta ya shigo da manyan ɗalibai a kwashe kaya. Suka ɗaga benci ɗaya, rabin aji ya motsa. Ya sunkuya ya ga katakan, ya ɗago ya dubi faɗin ƙofa.

"Mama, me kika yi?"

"Adana maka su na yi. Ba mai sata, ba mai jefarwa. In kana son su a sito, ga bango nan, ka fasa."

"Kin san zan iya rubuta ki a kai ofis?"

"Rubuta. Ni na kama hannun nan na koya masa."

Ya daɗe yana kallon ramin simintin da ke gindin taga, inda ya yi shekara yana zama. Sannan ya sallami ɗaliban, ya fita.

Malama Tsaye ta sauke alli da tsumma, ta karkaɗe kujerar, ta dafa tebur, ta zauna a hankali. Nan take yara suka miƙe a firgice, sun zaci ciwo ne ya kayar da ita. Wata ma har ta fara kuka.

"Wa ya ce ku tashi?" in ji ta. "Ku zauna, don Allah. In kuka tashi, ni ma sai na tashi, kuma wallahi na gaji."