Takardar da ta ce Abban Hanif

Da safiyar nan ina buɗe shago waya ta shigo, wai Malam Yusuf ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya dawo daga sallar asuba, ya faɗi a matakalar gidansu a unguwar Setapak. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Tun ɗazu nake ganin hotonsa yana yawo, kowa na rubuta "mutumin kirki." Wasunku da yatsan da kuka rubuta wannan, da shi kuka yi masa dariya. Zan zo kanku.

Ga wanda bai san shi ba, kafinta ne daga Funtuwa, mai shagon kansa. Matarsa, Malama Rabi, ta samu gurbin karatun dakta a nan ƙasar waje, a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Da wani ne sai ya ce ba inda za ta. Shi kuwa ya rufe shago, ya ɗauko ɗansu Hanif, ya biyo ta da bizar da ake ba mijin ɗaliba, wadda ake kira difendan. Bizar nan ba ta yarda ka yi aiki ba.

Ni da jaka ɗaya da takardar sakandare na shigo garin nan, yau kaya nake aikawa Kano a kwantena. Ba wanda ya riƙe min hannu, don haka ba na yabon mutum don kawai ya mutu. In na ce Malam Yusuf namiji ne, ku rubuta ku ajiye.

Kantocin shagona shi ya gyara su. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe min hannu ya ce, "Alhaji, takardata ta ce ba na aiki. To wannan ba aiki ba ne, zumunci ne."

Da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, shi ke zuwa da tapau ɗin farfesu, wato wanda ake ƙullo maka a leda, ya zauna har sai ya ga na ci.

'Ya'yana da Turanci suke amsa gaisuwa. Ba ya ba su hannu sai sun ce, "Ina kwana, Baba." Yanzu sun iya.

Abu ɗaya mutumin nan ya nema a ƙasar nan, takarda guda mai sunansa da adireshin gidan da yake kwana. Yana so ya buɗe asusu a banki, ya daina yawo da katin matarsa. Banki suka ce sai shaidar adireshi. Takardar haya da sunan Malama take, don ita ta fara zuwa. Bil ɗin wuta da na ruwa da sunan mai gidan haya. Magidanci guda, ba ko tsinke a gidan da ya san sunansa.

Da ƙyar mai gidan hayar, wani tsoho ɗan Sin, ya yarda zai rubuta wasiƙa cewa Malam a nan yake zaune. Ranar da ya zo duba famfo ina falon. Turancin Malam bai da ƙarfi, don haka Malama ke magana. Tsohon ya ciro biro ya ce mata, "Sunan mijinki?"

Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Abban Hanif."

Ba wanda ya ji wani abu a cikinmu. Kunnen Bahaushe bai san wannan kuskure ne ba. Wace 'yar mutunci ce za ta kama sunan mijinta gatsau a gabansa, ga baƙo zaune? Shi kuma tsoho ya san Hanif suna ne a nan, sai ya ɗauka cikakken suna aka ba shi. Haka ya buga, ya sa hannu, ya aiko.

Malam ya ga sunan, ya ce ai ni ne. Ya goge farar shaddarsa ya tafi banki, ya ce in raka shi.

Yarinyar da ke zaune a kantar bankin ta dubi wasiƙa, ta dubi fasfo. Ta ce, "Wane ne Abban Hanif?"

Ya dafa ƙirji ya ce shi ne.

Ta ce fasfo Yusuf ya ce.

Ya ciro waya ya nuna mata hoton Hanif da kayan makaranta. Na yi mata bayanin al'adarmu iya Turancina. Ta saurara tsaf, ta turo takardun ta ƙarƙashin gilashi ta ce, "Tak boleh." Wato ba zai yiwu ba. Ba na ganin laifinta, aikinta ta yi.

Laifin naku ne.

Bawan Allah ya ɗauki hoton wasiƙar ya sa a gurup ɗinmu na 'yan gida yana neman shawara. Ga shawarar da kuka ba shi. Wani ya ce, "Malam, ka kai Hanif ya tsaya maka, tunda da sunansa kake cin abinci." Wani ya ce, "Ko Dakta ba ta ba ka izinin suna ba tukuna?" Aka jera fuskokin dariya. Hoton ya fita daga gurup, har Funtuwa sai da ya kai.

A mamak kuma, wurin shan shayinmu, da ya zauna sai a ce, "Difendan, sha da sauri, kar maigida ta taso daga lakca ba ka ɗora girki ba." Masu faɗin haka, wasu iyayensu ke aiko musu har kuɗin aski.

Murmushi kawai yake yi. Daga baya ya daina zuwa.

Matanku kuma suka koma kan Malama, wai duk bokonta sunan miji ya gagare ta. Da ta faɗi sunan, da ku ne za ku ce boko ya cire mata kunya.

Aka koma wa tsoho. Ya ce, "Na rubuta sau ɗaya, ya isa." Ya tafi wurin 'yarsa a wani gari, ya ce sai ya dawo.

Na ce wa Malam ya bari in sa sunansa a adireshina, a wuce wurin. Ya ce, "Ba a gidanka nake kwana ba, Alhaji. Ina da gida."

Ranar Juma'a na gan shi na ƙarshe, bayan an sauko daga masallaci. Ya rame. Na ja shi muka sha shayi a wani kedai, wato ɗan shago, da ba 'yan gida. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, "A Funtuwa ko akuyata ce ta ɓata, aka ce ta gidan Yusuf kafinta ce, har ƙofa za a kawo ta. Nan ni da kaina na kasa nuna inda nake kwana."

Na ce tsoho ya kusa dawowa. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ajali ne, na sani. Ban ce kun kashe shi ba. Amma ku kuka zaɓa masa irin kwanakin da ya ƙare da su.

Yanzu na dawo daga asibiti. Sai an cike takarda kafin a ba da gawa. Ma'aikacin ya dubi Malama ya ce, sunan mamaci. Na buɗe baki zan amsa mata, ta ɗaga min hannu.

Ta ce, "Yusuf." Ta tsaya. Ta sake cewa, "Yusuf Lawal."

Tunda na san su ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Ya tambayi adireshi, ta faɗa, ya buga. Bai nemi bil ba, bai nemi wasiƙar kowa ba. Takarda ta fito, suna daidai, gida daidai. Ta ninke ta ta sa cikin hijabi.

Kai da ka fitar da hoton wasiƙar nan, kada in ga ta'aziyyarka a ƙarƙashin rubutuna. Ka san gidan. Ka je ka tsaya gaban Hanif ka faɗa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi gida a Aljanna. Ka ba Malama Rabi haƙuri, ka raya Hanif.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In za ku yi, ku kira shi da sunansa, Yusuf ɗan Lawal.