Malama Adawiyya da Rabin Kwalbar Jini

Tun kafin rana ta yi zafi Malama Adawiyya ta goge teburinta a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a nan Daura, tana jiran jinin masu sankara daga Baure da Mai'adua. Aikinta shi ne ware wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil. Masu bincike na zargin ba halinsu ɗaya ba: wasu na yaƙar cutar, wasu na mara mata baya. Sai an raba su ake gane wanne ne wanne.

Ƙwayoyin nan ba su da haƙuri ko kaɗan. Ba sa son sanyi, ba sa son girgiza, ba sa kwana. Ɗan acaɓan da ya yi mata gwaninta ya sako kwalba cikin ƙanƙara har yau bai manta faɗan da ya sha ba.

Na san ta ne ranar da ƙanwata Haulatu, mai fama da sankarar mama, ta ba da nata jinin. Jijiyoyinta sun gaji da allura. Da ƙyar aka samu rabin kwalba, nas ta ce ba ƙari.

Malama ta ce, "Wannan ba zai warkar da ke ba, 'yata. Wasu ne za su amfana."

Haulatu ta ce, "Kar dai ya tafi a banza, Inna."

Ina bakin taga ina kallo. Malama ta kwantar da jinin ɗigo-ɗigo a kan wani ruwa, ta sa a injin da ke juya shi. Saura kaɗan ya gama, wuta ta ɗauke. Abokin aikinta Maharazu ya zabura zai buɗe murfin.

"Kul, Maharazu! Bar shi ya tsaya da kansa. Ka tare shi, komai ya cakuɗe."

Wallahi ban taɓa ganin abu mai nawar tsayawa irin injin nan ba. Da ta ɗaga kwalbar ga haske, sai ga farin layi siriri kamar zare. Ƙwayoyin sun rabu.

Ke ce mai hannun da ba ya gaggawa, Malama. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Amma ina jin tsoro. Ƙarshen shekara za ki yi ritaya, za a mayar da Maharazu Katsina, kuma ba wanda ya zo koyo. Matasanmu masu karatun kimiyya, ku je ku tsaya a bayanta tun tana nan. Jiya Haulatu ta tambaye ni wa zai riƙe teburin. Na ce mata ana nema, na kau da kai.