Tabarmar Kabar da Inna Ta Saƙa wa Gwaram

Shekarun baya, zamanin da muke ƙarƙashin jihar Kano kuma arzikin mai ya fara shigowa, hukumar wasanni ta tashi kai wasan kurket garuruwanmu. Ina ƙaramin malami a wata firamare a Birnin Kudu, abokina kuma yana koyarwa a Gwaram. Maraya ne, tare muka taso, a kwano ɗaya mahaifiyata ta ciyar da mu.

Aka tara mu aka nuna mana wasan. Ɗaya zai jefo ƙwallo ta daki ƙasa ta taso, ɗaya ya make ta da katako kada ta kayar da sandunan da aka kafa a bayansa. Aka ce bayan girbi yarana da nasa za su kara, malamin da yaransa suka ci shi za a kai Kano horo, ya dawo ya riƙa koyar da wasan a duk yankin. Ni dai tun ranar na kai wa tela ɗinkin farin wando irin na masu wasan.

Wasan yana son doguwar shimfiɗa a tsakiyar fili don ƙwallo ta riƙa tashi daidai. Guda ɗaya hukumar ta kawo, aka bar ta wurina saboda mu ne a bakin titi. Abokina ya tashi da katako da ƙwallo kawai. Na yi masa jaje da baki, amma cikina fari ƙal.

Wata Juma'a na dawo gida na tarar da tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa, kaba ko'ina. Mahaifiyata da maƙwabtanta suna haɗa tabarmi baki da baki, abin har ya kai zaure.

Na ce, "Inna, biki za a yi ban sani ba?"

Ta ce, "Ta ɗan'uwanka ce. Nan ya zauna ya zana min wasan naku a ƙasa da tsinke, ya ce shimfiɗa ya rasa. Na ce in dai tabarma ce, ai ya zo gidanta."

Na lallashi kaina da cewa a kan kaba ƙwallo haukacewa za ta yi. Haka kuwa aka yi: ta yi hagu, ta yi dama, wani lokaci ta nufi haƙoran yaro. Abin da ban hango ba shi ne yaransa da wannan hauka suka saba. Da suka zo Birnin Kudu suka hau shimfiɗata ta gwamnati, ƙwallo na zuwa musu salin-alin, sai suka yi ta aika ta gonakin mutane. Nawa yaran suka wuni suna tsinto ta cikin karan dawa, ni kuma ina tsaye da farin wando.

Ranar da zai tafi Kano ya biyo yi wa Inna sallama. Ina ɗaki na ji ta rangaɗa guɗa, tana sa masa albarka, har da ƙunshin dakuwa na hanya. Wallahi kishi ya kama ni. Yana fita na fito.

"Inna, ni da kika haifa, ko mafici ba ki saƙa min ba saboda wasan nan."

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Kai in na tambaye ka, ba cewa kake wasan Turawa ne ba zan gane ba? Shi kuwa ya zauna ya gaya min."

Abokina ya yi aikin, ya kuma yi shi da kyau, yaran ƙauyuka da yawa sun riƙe katako ta hannunsa. Muna nan tare har yau, duk mun yi furfura, kuma wannan kujera ta koyar da wasan na daɗe da bar masa ita har zuciya. Inna ta rasu da jimawa, Allah ya jiƙanta. Amma in muna zaune ya fara ba da labarin yadda take tare shi tun daga zaure, tana tambayar wane yaro ne ya iya jifa, wane ne har yanzu yake rufe ido in ƙwallo ta taso, sai in ji abin ya dawo sabo. Bai san dalili ba, amma duk lokacin da ya ɗauko hirar nan sai in miƙe in ce zan je alwala.